Jawabi Kan Cin Tayoyin Motar Ƙungiya

Dattawanmu, iyaye mata, ƴan uwa mazauna Banifandu: An ba mu izini mu yi magana kan buƙatar da direba ya kawo, ta a fitar da kuɗi daga asusu a sayi tayoyi biyu na gaba. Ba mu ƙi ba. Roƙonmu guda ne: kafin a taɓa asusu, a fara duba tsofaffin tayoyin, domin yadda taya ta cinye shi ke nuna ciwon da ke jikin mota. In aka sa sabuwa ba a yi maganin ciwon ba, kafin damina ta fita ita ma ta bi sawun ƴar uwarta.

Motar nan ita ke kai mu gida da Sallah, ita ke ɗauko marasa lafiya, ita ke kai gawa. Daga Yamai zuwa Dosso kusan kilomita 140 ne, zuwa Dogon Dutsi kusan 275, sannan a bar kwalta a shiga gargada. Taya mai fashewa a wannan hanya da mutane cike, kowa ya san abin da ke biyo baya.

To, yaya ake karanta taya? In gefe biyu sun cinye, tsakiya na da sauran haƙora, iska ce ta yi kaɗan, ko kaya sun yi yawa. Nan ne ya kamata mu tsaya, don laifin ba na direba kaɗai ba ne. Kowa na so a kai masa buhun shinkafa, wannan da siminti, wancan da kwanon rufi, rago a bisa. Taya mai ƙarancin iska ko mai nauyi a kanta tana lanƙwasa, tana ɗaukar zafi, kuma a watan Afirilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40. Iskar da ta dace tana rubuce a takardar da ke manne wajen ƙofar direba. Da ma'auni ake duba ta, da safe kafin mota ta yi tafiya. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara, ba awo ba ne.

In tsakiya ce ta cinye, mai faci ya cika iska fiye da ƙima.

In gefe ɗaya tak ya shafe, kamar tayarmu ta dama, ƙafafun gaba sun kauce, galibi saboda faɗawa rami. Ku shafa tafin hannu a kan haƙoran: in ta wannan ɓangare sumul, ta wancan kuma kamar bakin zarto, to mota na buƙatar abin da makanikai ke kira faralelisim, wato daidaita ƙafafu. Amma a fara girgiza ƙafar bayan an ɗaga ta da jak. In tana wasa, sai an canja ƙarfen da ya sake, in ba haka ba daidaitawar ba za ta zauna ba. In kuwa cin ya zo tudu da kwari kewaye da taya, amortisar ce ta gaji, wato abin da ke shanye girgiza.

Saura maganar kasuwa. Tayar hannu a Katako tana da araha, amma tsufa ba ya nunawa a haƙora. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyu na fari sati, biyu na baya shekara. 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Wadda ta wuce shekara 10 a bar ta, ko da kyanta. Mota irin tamu mai daɗewa tsaye a rana, tayarta kan tsattsage tun ba ta cinye ba. Kuma a nemi mai harafin C, ta motar ɗaukar kaya.

Shawararmu, ranar Lahadi da safe a kawo motar ƙofar gidan shugaba, da makaniki da ma'aji da dattawa biyu, a duba tayoyi biyar har da ta ajiya. Abin da aka gani za a karanta a taro na gaba, sannan a yanke nawa za a fitar.