Mamari a Bakin Kogi



Duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yawuri da la'asar sakaliya zai ga Sarkawa zaune suna warware igiya. Mamari suke shiryawa: doguwar igiya guda, an jera mata ƙugiyoyi a kan gajerun zarurruka, kowace da tazararta don kada su sarƙe. Wani yakan sa ƙoto, tana ko yankan ƙaramin kifi. Wani kuwa haka yake barin ƙugiyoyin tsirara, kusa da juna, duk kifin da ya gifta su kama shi a jiki.

Kafin magariba ake shiga kwalekwale. A ɗaure bakin igiyar ɗaya a turke, a riƙa sakin igiya a hankali, a rataya duwatsu don ta nutse, a sa gora a sama ya zama alama. Dalilin nutsar da ita a fili yake: tarwaɗa da ƙurungu a ƙasan ruwa suke kiwo, kuma da dare suka fi yawo. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, masuntan yankin suka samu faffaɗan tafki na wannan aiki.

Da asuba ake dubawa, don kifin da ya mutu a ƙugiya ba ya jiran kowa a ruwa mai ɗumi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne mamarin da ya tsinke aka bar shi a ruwa. Igiyar roba ba ta ruɓewa da wuri. Tana nan tana kama kifin da ba mai ci, tana yaga tarun maƙwabci, tana cakar ƙafar yaran da suka zo wanka. Ya kamata Sarkin Ruwa ya sa ido a nan.