Wayar Hannu da Koyar da Harshe: Darasi Daga Dosso Zuwa Kanya



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da manya karatu ya san cewa wahalar aikin ba ta ƙarewa ranar da ɗalibi ya gane baƙi da wasali. Babbar wahala sai an rufe aji take zuwa. Damina ta sauka, manomi ya koma gona, ya yi wata shida bai riƙe fensir ba, kafin kaka abin da aka sha wuya aka dasa ya bushe. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba ko wayar hannu tana da maganin wannan ciwo, musamman a gari irin Kanya ta ƙasar Zuru, a Jihar Kebbi. A wannan ƙasa yaro yakan tashi da harshen gidansu, ya yi ciniki da Hausa, sa'an nan a yi masa jarrabawa da Ingilishi.

Tsohon Ciwo

Ciwon kuwa ba na yau ba ne. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura yaƙi da jahilci cikin shekarun 1950, an lura cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, mantawa yake yi. Saboda haka Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, har zuwa 1959 da aka rufe ta. Dabara ce mai kyau, amma jarida sai da mota take isa ƙauye, sai da kwabo ake sayenta, kuma karatu kaɗai take sa mutum, ba ta sa shi rubutu. Tun daga 2001, da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, wani abu ya shiga aljihun talaka wanda ake karantawa a kansa, ake kuma rubutu da shi.

Gwajin da Aka Yi a Nijar

Ba sai an je nesa neman shaida ba. Jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar iyaka take da Kebbi. A can, da kuma Jihar Damagaram, ƙungiyar Catholic Relief Services ta buɗe azuzuwan manya cikin 2009 a ƙauyuka fiye da 100, inda aka koyar da karatu da lissafi cikin harsunan mutanen, watau Hausa da Zabarmanci. Aka raba ƙauyukan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Darasin aji iri ɗaya ne, sai dai a rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai sarrafa waya: kunna ta, gane lambobi da haruffa a jikinta, kira, da aika saƙo. Ƙananan wayoyi ne masu madannai, guda ɗaya ga mutum biyar.

Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts a Amurka, ita da abokan aikinta, sun buga sakamakon binciken cikin 2012. Ɗaliban da aka koya wa waya sun fi sauran ci a jarrabawar rubutu da ta lissafi, kuma wata bakwai bayan rufe aji fifikonsu a lissafi bai gushe ba. Abin lura shi ne, babu wani darasi da aka zuba cikin wayoyin nan. Malami ne ya koyar, da allo da alli. Abin da waya ta ƙara shi ne dalili. Saƙo ya fi kira araha, don haka mai ɗan'uwa a ci-rani, ko mai son jin farashin gero a wata kasuwa, ya ga ribar rubutu tun kafin ya gama koyonsa.

A Nijeriya ma an gwada wata hanya cikin 2013. Hukumar UNESCO da kamfanin Nokia, tare da British Council da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sun riƙa aika wa malaman firamare gajerun saƙonni kan dabarun koyar da Ingilishi. Amma a kan manhajar kamfani guda aka gina shirin. Nokia ya sayar da sashen wayoyinsa ga Microsoft cikin 2014, manhajar kuwa yau babu ita. Wanda ya hau dokin aro, ranar da mai shi ya zo sai sauka.

Matsaloli Uku

Ta farko ita ce ƙa'idar rubutu. Tun shekarun 1930 ake rubuta Hausar boko da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ƙananan wayoyi ba su da su, shi ya sa matasa da yawa suka saba rubuta "kafa" suna nufin "ƙafa", ko "bari" suna nufin "ɓari". Manyan wayoyi suna karɓar madannan Hausa irin na Gboard, amma in malami bai nuna ba, ɗalibi ba zai nema ba.

Ta biyu ita ce saƙon murya. Abin da ya tura manomin Dosso rubutu shi ne tsadar kira. Yanzu mai WhatsApp yana iya danna waya ya yi magana, ba tare da ya rubuta harafi ko ɗaya ba. Ke nan dalilin da waya ta samar, waya tana iya ƙwace shi. Duk da haka murya na da nata amfani. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, "gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya suke a takarda, kunne ne kaɗai ke raba su. Mai koyon Hausa ko Ingilishi yana bukatar ya ji, ya maimaita.

Ta uku ita ce makomar ƙananan harsuna. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google cikin 2013, tana da gidajen rediyo da finafinai. Harshen C'lela na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da sauran harsunan ƙasar Zuru, ba su da irin wannan gata. In wayar yaron Kanya ba ta yi masa magana sai da Hausa da Ingilishi, to, kullum tana gaya masa cewa harshen kakarsa ba na zamani ba ne.

Shawarwari

Ga malamai, kada aikin gida ya tsaya a littafi. A sa ɗalibi ya aiko da rubutaccen saƙo kowane mako, ko da jimla biyu ne, har cikin damina, a gyara masa ƙugiyoyi a mayar. Ga ɗaliban jami'a, duk wanda ya je hutu gida ya nemi izinin tsofaffi, ya ɗauki tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙin bikin Uhola a wayarsa, ya rubuta su, ya ajiye a sashen harsuna. Ga ma'aikatan ilmi, kafin a sa hannu a takardar sayen na'urori, a tambaya: wa zai koyar, ina za a yi caji, wa zai sayi kati, kuma me zai rage in kamfani ya janye? A fara da wayar da ke hannun mutane, domin ita suka sani.

Kammalawa

Waya ba ta koyar da harshe, malami ke koyarwa. Aikinta shi ne ta bi ɗalibi gona da kasuwa, ta hana abin da aka koya masa bushewa. Inda aka horar da malami, aka biya shi a kan lokaci, waya guda tana wadatar mutum biyar, kamar yadda aka gani a Dosso. Inda babu malami kuwa, ko an raba wa kowa tasa, jahilci yana nan inda aka bar shi.