Jawabi Kan Makomar 'Ya'yanmu Masu Sana'ar Waya Da Kwamfuta A Libreville

 

Shugaban taro, iyayenmu ardo-ardo, malamai, shugabannin 'yan kasuwar shanu da dillalai, da ku samari da kuka rufe shagunanku kuka zo nan Cocotiers don jin wannan bayani, ina yi muku barka da zuwa. An umarce ni da in yi magana a kan abin da ke damun gidaje da yawa a cikinmu, wato batun yaranmu da suka bar bin shanu suka kama sana'ar waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau kuma ga shi sana'ar tana neman zame musu.

Dalilin taron sananne ne. A cikin watan Agusta na 2025 majalisar ministocin Gabon ta ba da sanarwar cewa za a keɓe wa 'yan ƙasa wasu ƙananan sana'o'i, baƙo ba zai yi su ba. Cikinsu har da gyaran waya da ƙananan na'urori, da aika kuɗi ba tare da lasisi ba, da ƙaramin tireda na unguwa, da aski ko kitso a bakin titi. Duk wanda ya zaga kasuwar Mont-Bouët ya san su wa ke zaune a bayan teburan nan na gyaran waya. Akwai 'yan'uwanmu Hausawan Oyem da Bitam waɗanda nan aka haife su, nan aka haifi iyayensu, 'yan ƙasa ne, wannan hukunci bai hau kansu ba. Amma akwai yaran da suka zo daga Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, su kam da su ake. Kada kuma ɗan Kamaru ko ɗan Cadi ya ce ai ƙasarsa tana cikin CEMAC. Yarjejeniyar zirga-zirga da ta soma aiki a 2017 izinin shigowa ta ba ka ba tare da biza ba na ɗan lokaci, ba ta mai da kai ɗan ƙasa ba. Dattawan da ke nan sun tuna 1995, lokacin da aka tsananta binciken takardar zama har dubban baƙi suka kwashe komatsansu. Saboda haka ba wanda zai gaya musu cewa irin wannan magana wasa ce.

To, amma ina so mu lura da wani abu. Ko da gwamnati ba ta ce uffan ba, wannan sana'a ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Da can teburin buga waya ne ake yayi, mutum ya aje waya ɗaya, jama'a su yi layi su biya kuɗin minti. Wayar salula ta shiga hannun kowa, tebur ya mutu. Aka koma kafe na intanet, bayan da igiyar SAT-3 ta ƙarƙashin teku ta iso Libreville a 2002. Igiyar ACE ta biyo baya a 2012, intanet ya shigo cikin waya, kafe ya zama wurin ɗaukar hoton takarda kawai. Masu zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a kati su ma sun ci zamaninsu sun wuce. Kamfanonin kansu sun sha sauya riga: Celtel ya zama Zain, Zain ya zama Airtel a 2010, Gabon Telecom kuwa Maroc Telecom ya sayi kaso mafi yawa a cikinsa a 2007, yanzu Moov Africa ake ce masa. Wanda ya shekara ashirin a wannan fage ya riga ya sauya sana'a sau biyu ko uku, ko da bai kira ta da wannan suna ba.

Mu makiyaya ba baƙin ƙaura ba ne, don haka bari in yi magana da harshen da muka sani. Idan ciyawa ta ƙare ba a tashin ruga da daddare a doshi inda ba a sani ba. Sai a tura mutum ya dubo mashekari, ya ga ruwa, ya ga ko akwai ƙudan tsando, ya gaisa da mai ƙasa. Kuma ba a sayar da karsana don a yi guzurin hanya. Abin da nake gani a wajen samarinmu kishiyar wannan ne. Yaro ya ji an ce masu rubuta manhaja suna karɓar albashi da kuɗin Turai, sai ya sayar da kayan shagonsa kaf, ya biya wani mai kwas na wata uku, ya fito ba shago ba aiki. Rubuta manhaja ilmi ne na gaske, amma yana son shekaru, yana son lissafi da Turanci, kuma tun da ChatGPT da ire-irensa suka fito a ƙarshen 2022 ƙananan ayyukan da sabon shiga ke somawa da su, kamar haɗa ɗan shafin talla, na'ura tana yin su cikin minti kaɗan. Ban ce kada kowa ya shiga ba. Yaron da ke da takardar bakaloriya kuma kansa na ja, ga Institut Africain d'Informatique nan cikin garin nan, makarantar da ƙasashen Afirka suka haɗu suka kafa tun 1971, ga kuma INPTIC. Wannan doguwar hanya ce, ta wanda iyayensa za su iya ɗaukar nauyinsa shekara uku ko fiye.

Ga mai gyaran waya kuwa, mashekarin da ya fi kusa shi ne aikin haɗa layukan sadarwa. Hannun da ya saba da dalma da ƙananan wayoyi, da idon da ya saba gano inda wuta ta tsaya a cikin allo, su ne ake bukata wajen ja da haɗa wayar gilashi da ke kai intanet gidaje da ofisoshi, da kafa akwatin raba intanet, da ɗaura kyamarar tsaro a kantuna, da haɗa batur da faifan hasken rana saboda ɗaukewar wuta. Rabin ilmin yana hannunsa tun tuni. Abin da ya rage masa abu biyu ne, takardar shaida da kuma Faransanci na rubutu. Kamfani ba ya ɗaukar mutum don an ce ya iya, sai ya ga takarda. Akwai jarrabawar kamfanin Cisco da ake kira CCNA, kuɗin zamanta dala 300, shaidar kuma tana aiki shekara 3 kafin a sabunta. Ku auna wannan da kuɗin bijimi ɗaya a kasuwar garin nan. Daɗin daɗawa ita wannan shaida ba ta san iyaka ba, wanda ya same ta a Libreville zai nuna ta a Kano ko Yamai ko Duwala a karɓa. Idan zama ya ƙi, da ita zai koma gida.

Faransancin kuwa kada a raina shi. Yaranmu da yawa suna jin na kasuwa, su yi ciniki su yi faɗa da shi, amma a ce su rubuta rahoton aikin da suka yi ko takardar farashi, sai gumi. Ma'aikacin layi kullum sai ya rubuta abin da ya tarar da abin da ya gyara. Wata shida na makarantar dare ya fi masa sabuwar waya.

Sai masu aika kuɗi. Su matsalarsu ta fi sauƙi ta wani gefe, ta fi haɗari ta wani. Sanarwar ta ambaci wanda ba shi da lasisi ne. Mu 'yan kasuwar shanu mun san yadda muka daɗe muna yi: ka ba wani kuɗi a nan, ɗan'uwansa ya biya mai shanu a Ngaundere, amana ce kawai, ba takarda. Wannan hanya ta yi mana rana, amma hukuma ba ta san ta ba, ranar da kuɗi suka maƙale kuwa ba kotun da za ka je. Yanzu akwai Airtel Money da Moov Money, akwai kuma tsarin GIMAC da ke haɗa bankuna da asusun waya na ƙasashen CEMAC, ta yadda kuɗi za su tashi daga Gabon su sauka Kamaru da shaidarsu. Yaron da ya shekara biyar yana riƙe da littafin shiga da fita na kiyos ya riga ya zama rabin akawu. A koya masa manhajar lissafi irin su Excel, ya san yadda ake tsara takardun haraji da na kwastan.

A nan ne nake so iyayena 'yan kasuwa su saurare ni da kyau, domin aikin da yaran nan ke nema yana cikin aljihunku. Ƙasar nan kurmi ce, sammore ba ya barin shanunmu na arewa su yi ƙarko, shi ya sa ko garken Nyanga da shanun Ndama aka kafa shi. Yawancin naman da ake ci shigo da shi ake yi. Shanun da muke kawowa daga Adamawa da Cadi sai sun ratsa Yawunde da Ambam, su tsallaka iyaka zuwa Bitam, su bi ta Oyem kafin su iso nan. A kowace tirela akwai takardar likitan dabbobi, da ta kwastan, da kuɗin mota, da ladan masu rakiya, da abin da aka kashe a shingaye, da bashin da mahauta za su ɗauka su biya bayan sun sayar. Nawa ne a cikinmu za su iya faɗin ribar tirelar da ta sauka watan jiya, ba ƙiyasi ba? Da yawa a ka suke riƙe lissafin miliyoyin sefa, ranar da Allah ya ɗauki ran mutum sai magada su rasa wa ake bi, wa ke bi. Idan 'yan kasuwa biyar suka haɗu suka ɗauki yaro ɗaya, da kwamfuta ɗaya, da albashi na wata-wata da takardar ɗaukar aiki, sun rufa wa kansu asiri sun rufa masa. Ita ma ƙungiya tana bukatar irinsa. Kullum muna kukan abin da ake karɓa a hanya ba bisa ƙa'ida ba, amma in aka je gaban hukuma sai a ce mu kawo rana da wuri da adadi, mu yi shiru.

Wani zai ce ai gara yaron ya dawo bin shanu. Wanda ke so, madalla, ba abin kunya ba ne, da shi aka rene mu. Sai dai wanda ya shekara goma a kan tebur ba ya komawa daji da daɗin rai, kuma tilasta shi ɓarnar abin da ya koya ne.

Abin da nake roƙo a yau kaɗan ne. Kowane saurayi ya duba takardar zamansa kafin ya duba komai, domin ba kamfanin da zai ɗauki wanda takardarsa ta mutu. Kada ya rufe shago sai ya san inda zai sa ƙafa, in akwai hali ya yi karatun da dare. Wanda kuma zai haɗa jari da ɗan ƙasa don shago ya ci gaba, to ya je a rubuta a gaban hukuma, kada ya sa dukiyarsa da sunan wani a kan fatar baki. Sakataren ƙungiya zai zauna a bakin ƙofa bayan sallar la'asar, a ba shi sunan kowane yaro, da sana'ar da yake yi, da ajin da ya tsaya a makaranta, don mu san nawa ne za su iya zama jarrabawa a bana, mu kuma san abin da za a yanka wa kowane mai tirela.

 Allah ya tsare mana dukiya, ya kai kowa gida lafiya.