Gosulo a Cikin Ƙwayar Halitta

 An ba mu ɗan lokaci mu yi bayani kan wani ilmi da yaranmu ke karantawa a jami'a, to a yi mana haƙuri in mun yi sauri.

Jama'a, a cikin ƙwayoyin halitta na jikinmu akwai wasu 'yan injuna da ake kira ribosom, su ke ƙera furotin. Ribosom yakan hau wani zare mai ɗauke da umurni, wato mRNA, yana tafe yana karantawa, in ya kai ƙarshe ya sauka. Hanyar layi ɗaya ce, na baya ba ya wuce na gaba. Tun 1968 wasu masana uku a Amurka, MacDonald da Gibbs da Pipkin, suka tsara lissafin wannan tafiya, wanda ke nuna inda cunkoso zai taru.

To amma zaren ba ɗaya ba ne, dubbai ne, kuma ribosom ɗin ƙidayayyu ne. Direbobinmu sun fi mu sanin wannan. Tasha ɗaya, motoci ɗari, hanyoyi goma. In talatin suka maƙale a gosulo a hanya ɗaya, fasinjan sauran hanyoyin sai ya wuni a benci, alhali hanyarsa lafiya lau take.

A 2016 Margaliot da Tuller na Jami'ar Tel Aviv da abokan aikinsu suka sa wannan tasha cikin lissafi. Abin da suka samu shi ne, in aka ƙara sauri a wani wuri kan zare ɗaya, shi dai ya ci riba, sauran kuwa ko dukkansu su ƙaru ko dukkansu su ragu. A gyara gurbin da ke tare hanya, motoci su dawo tasha da wuri, kowa ya samu. A faɗaɗa ƙofar shiga kawai a bar ramin, sai hanyar ta haɗiye motocin kowa. Mu a ganinmu nan ne daɗin lissafin yake.

Kada a ɗauka zancen allo ne kurum. Tun 1982 masu ciwon sukari ke amfani da insulin da bakteriya ke ƙerawa. In aka matsa wa bakteriyar ta yi ta ƙera furotin ɗin da ba nata ba, ribosom ɗinta sukan tare can, girmanta ya ja baya. Don haka masu haɗa magani ke auna lodin da za su ɗora mata tun kafin su kunna tukunya.