Wankin Injin Mota a Gida: Darasin da Na Koya da Tsada

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku. Lokacin da Sakatare ya tambaye ni abin da zan yi magana a kai, na ce masa wankin injin mota, sai da ya yi dariya ya ce, "Kai da ba makanike ba?" Gaskiyarsa ne. Ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da na karanta a jami'a ko kusa bai haɗa hanya da sifana ba. Amma duk wanda ya leƙa ƙofar wannan zaure zai ga motoci a jere, kuma da yawa daga cikinmu da rance ko adashi muka saye su. Abin da mutum ya sha wuya ya mallaka, ya kamata ya san yadda zai kula da shi ba tare da ya cuci kansa ko iyalinsa ba. Ni ban sani ba sai da na ƙona hannun ƙanena.

Ga yadda abin ya faru. Wata Asabar cikin hunturu, ban daɗe da sayen motata ta farko ba, 'yar Kwatano, na buɗe bonet na ga inji ya yi baƙi ƙirin da ƙura da maiƙo. Sai na zuƙo fetur a gwangwanin madara, na ba ƙanena da ke zaune a wurina yana karatu, na haɗa masa da tsohon buroshi na ce ya goge. Motar tana cikin gida, uwargida kuma ta hura gawayi a kurfoti can gefe, tazarar da ni a ganina ta isa. Na shiga ɗaki neman tsumma ke nan sai na ji ihu. Wuta ce ta biyo ƙasa daga kurfoti, ta kama gwangwanin, ta kama hannun yaro, ta haye kan inji. Da yashin ginin maƙwabci muka kashe ta. Wayoyin mota sun ƙone, wannan kuɗi ya gyara. Amma yaron ya yi makonni ana wanke masa hannu a asibiti, bai iya riƙe biro ba ga jarrabawa ta matso. Da na je gida yi wa Inna bayani, tambaya ɗaya ta yi mini: "Makaranta na ba ka shi ka sa, ko wankin inji?" Har yau ban samo amsa ba.

Jama'a, ba don mugunta na yi haka ba, abin da na taso na gani ke nan. Mahaifinmu yana da Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma na sha ganin ana wanke injinta da mai da bokitin ruwa. In ta ƙi tashi sai a buɗe murfin distiribita a goge, a jira rana ta busar da shi. Motocin da muke hawa yanzu ba haka suke ba. An daina sa kafireto, kwamfuta ce ke auna mai da iska, ga na'urori masu yawa da wayoyi sirara, kuma a yawancinsu kowane fulogi da nasa kwayil a zaune cikin rami. Wankin da 504 za ta shanye, ita wannan yana iya kwantar da ita.

To me ya sa ma za a wanke inji? Ba don ado ba ne, don mutum ya riƙa gani ne. Injin da ya lulluɓe da ƙura da baƙin mai yana ɓoye ciwonsa. Ba za ka san inda mai ke yoyo ba, ba za ka ga tiyon ruwa da ya fara tsagewa ba, ba za ka lura ɓera ya fara cin waya ko ya tara ɓawon gyaɗa a lungu ba. Haka kuma ƙura da ciyawa da ke toshe fuskar lagireto suna hana iska wucewa, mota ta riƙa zafi a hanya. Saboda haka wankin yana da amfani, sai dai akwai abokan gaba guda uku da dole a kiyaye: fetur, zafi, da ruwa mai ƙarfi.

Bari in fara da fetur, tunda shi ya ci ni. Malaminmu na kimiyya ya koya mana a wannan makaranta cewa ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tururinsa ne, amma ranar ina jin hankalina yana filin ƙwallo. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin ƙasarmu. Kananzir kuwa sai ya kai wajen digiri 38 kafin ya yi haka, man gas kuma ya haura 50. Bugu da ƙari, tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama, kwanciya yake yi ya riƙa rarrafe a ƙasa har ya tarar da murhu ko janareto ko guntun taba. Abin da ya faru a gidana ke nan. Ban da wuta, fetur yana lalata roba, wato tiyo da fanbel da rigar waya, yana kuma cutar da fatar hannu da ƙirjin mai shaƙarsa. Kada wani ya ce to kananzir fa. A watan Afrilu da rana ta take, digiri 38 ba wani abu ba ne a nan. Sabulun ruwa na wanke kwanuka, ko maganin narkar da maiƙo da ake sayarwa a shagunan kayan mota, sun wadatar.

Na biyu shi ne zafi. Injin da ke aiki, ruwan cikinsa yana kai wajen digiri 90, bututun hayaƙi da ke manne da shi kuwa ɗaruruwan digiri. In ka kwara ruwan sanyi a kan ƙarfe mai irin wannan zafi yana iya tsagewa, kamar yadda kofin gilashi ke yi. Kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan a matse yake, zai yi tsiri ya sale fuska. Har ila yau, fankar wasu motoci tana iya tashi da kanta ko an kashe mota. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe, motar ta kwana ba a tayar ba.

Na uku shi ne ruwa mai ƙarfi, irin na injin feshi da ake amfani da shi a wuraren wankin mota. Ƙarfinsa ya ninka na famfon gida sau da yawa, yana kutsawa ta bakin roba ya shiga mahaɗar wayoyi, da altaneta, da akwatin fis, da ramukan fulogi. Wani lokaci motar za ta tashi lafiya ka tafi gida, sai bayan kwanaki tsatsa ta kama a fara neman mai waya. Mafi muni shi ne ruwa ya bi hanyar shaƙar iska ya shiga cikin inji. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, don haka in fistin ya taso ya tarar da ruwa sai sandarsa ta lanƙwashe, daga nan kuma sai zancen sauke inji.

Yanzu ga yadda nake yi tun daga wancan lokaci, bayan na zauna da wani dattijon makanike ya koya mini.

Da farko a fitar da motar wuri mai iska, nesa da wuta da rijiya, a kori yara. A shimfiɗa kwali ko a baza yashi a ƙasan inji don ya tare dattin da zai zubo. A cire agogo da zobe, a sa safar hannu ta roba, da tabarau in akwai.

Sai a kashe mota a zare makulli, a kwance kan batir mai alamar ragewa, wato (−). A yawancin motoci sifana lamba 10 ke kwance shi. Dalilin fara kwance wannan shi ne, jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da shi, in ka fara da mai alamar tarawa sifana ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi, batir kuwa yana fitar da iskar da ke kamawa. A sani cewa agogon mota zai koma baya, rediyon wasu motoci kuma zai nemi lambar sirri, sai a tanade ta tun kafin a fara. Idan kan batir ya yi farin gari, wannan aikin asid ne, kada a hure shi da baki. A jiƙa sodar da ake yin kek da ita, ko 'yar kanwa, a goge da tsohon buroshin haƙori, ba tare da an bari ruwan ya shiga cikin batir ba.

Daga nan a fara da shara a bushe. Buroshin fenti da tsumma za su kawar da mafi yawan ƙura da ganye, kuma sau da yawa iyakar abin da injin ke buƙata ke nan. Idan akwai maiƙo, sai a sa leda a ɗaure altaneta, da akwatin fis, da bakin shaƙar iska, da kwamfutar mota in a nan take, da distiribita ga masu tsohuwar mota. A ƙirga ledojin da aka sa don kada a manta da ɗaya ta narke a kan inji.

Sai a shafa ruwan sabulu a wuraren da suka yi maiƙo kawai, a bar shi minti biyar ba tare da ya bushe ba, a cuɗa da buroshi. Wajen ɗauraya, buta ta isa, ko gorar ruwa da aka huda murfinta. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, a kauce wa wayoyi da saman inji inda fulogogi suke. Can jiƙaƙƙen tsumma za a sa. In ka ga ka ƙarar da bokiti biyu, to ka wuce gona da iri.

Bayan haka a tsane ko'ina da busasshen tsumma, a cire ledoji, a bar bonet a buɗe awa ɗaya ko biyu. A mayar da kan batir a ɗaure, a tayar da mota ta yi minti goma zuwa sha biyar. Idan inji yana rawa, galibi ruwa ne a ramin fulogi, a kashe a busar. Idan kuwa ana zaton ruwa ya bi hanyar iska, kada a sake murza makulli, a kira makanike. Kwalin da ya sha mai kuma a tattara shi a kai juji, kada a kora dattin cikin kwata, domin daga can dabbobinmu ke sha, yaranmu ke wasa.

Gargaɗi na musamman ga masu motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius: wayoyi masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, ba 12 ta batir da muka saba ba. Kada a taɓa su. Haka waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da iskar gas bayan cire tallafin mai a 2023, su bar bututun gas da kayansa ga wanda ya haɗa musu.

Ribar aikin tana zuwa ne bayan kwana biyu ko uku. A buɗe bonet a duba da kyau. Duk inda sabon mai ya tsattsafo zai nuna kansa, inda ruwan lagireto ke yoyo zai bar tabo, fanbel mai tsaga zai fito fili. Ka ga ke nan za ka je gareji kana nuna wa makanike wurin da yatsa, ba ka tsaya yana lalube da aljihunka ba. Sau biyu a shekara ya isa, bayan hunturu da bayan damina.

Ranka ya daɗe, kafin in zauna ina da roƙo biyu ga 'yan uwa. Kowa ya duba abin kashe gobarar da ke but ɗinsa, wanda muke saye don gudun jami'an hanya, ya ga ko yana aiki, ya kuma koyi buɗe shi. Nawa ranar ko tunawa da shi ban yi ba. Sannan kada mu miƙa wa ƙannenmu da yaran gidanmu aikin da mu kanmu ba mu san haɗarinsa ba. Ƙanena ya warke, ya ci jarrabawarsa, amma tabon yana nan, kullum muka zauna cin abinci sai na gan shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.