A Daina Shan Ƙwayar da Ba a San Sunanta Ba



Abin da ya kawo ni shi ne ƙwayoyin nan da ake ƙulle mana a leda. Mutum ya taso daga gona jiki ya yi tsami, sai ya ratsa wajen mai kemis ko mai tallar magani, ya ce a haɗa masa na gajiya. A zuba masa fari da ja da ruwan ɗorawa, ya kora da ruwa, ko sunan ɗaya bai tambaya ba.

Sau da yawa akwai diclofenac da ibuprofen a ledar nan. Danginsu ɗaya, kuma haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ɓarna yake ƙarawa. Suna cin bangon ciki har ya zama olsa, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Kada a sha su ciki ba komai. Mai olsa da mai ciwon ƙoda su nisance su, haka ma mai juna biyu, sai da izinin likita. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, mai yiwuwa jini ne ke zuba a ciki. Asibiti, ba jira.

Farasitamol ya fi sauƙi, amma shi ma yana da iyaka. Babba ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, ya jira awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda. Ƙetare haka na lalata hanta. Ku lura, Panadol farasitamol ne, kuma yana cikin magungunan mura da yawa, sai mutum ya ninka bai sani ba.

Iyaye mata, ga taku. Alabukun asfirin ne a cikinsa, ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. Maganin yaro kuwa da nauyinsa ake auna shi, da ma'aunin da ya zo cikin kwalin.

Samari, tramadol ba maganin ƙarfin noma ba ne. Yana kama jiki, yana jawo farfaɗiya.

Ku riƙa sayen magani a cikin takardarsa, mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ciwon da ya kwana uku bai sake ku ba, ko zazzaɓi, a zo asibitin sha-ka-tafi a auna, a kuma taho da takardar abin da aka riga aka sha. Mai tambaya, bismillah.