Rage Nikotin a Taba Sigari da Matsalar Mata Marasa Galihu a Amurka

Nikotin shi ke ɗaure mai shan taba ga sigari, amma ba shi ne babban mai kisa ba. Hayaƙin ganyen da ke ƙonewa ne ke ɗauke da kwalta da iskar kabon monoksaid da sauran gubar da ke haddasa sankarar huhu da ciwon zuciya. A kan wannan bambanci ne masana biyu, Neal Benowitz da Jack Henningfield, suka kawo shawara a 1994 cewa a rage nikotin ɗin da ke cikin ganyen taba har ya kasa kama mutum. A 2009 majalisar dokokin Amurka ta ba hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ikon rage shi, bisa sharaɗin kada ta kai shi sifiri.

Taba mai ƙarancin nikotin daban take da wadda kamfanoni suka daɗe suna tallatawa da sunan "mara ƙarfi". Waccan ganyenta cike yake da nikotin, ƴan ƙananan huji kawai aka yi wa filta don iska ta tsarma hayaƙin. Mashayi sai ya toshe hujin da yatsu ko leɓe, ya zurfafa zuƙa, ya rama abin da aka rage masa. Ita kuwa sabuwar, daga ganyen aka rage nikotin ɗin. A gwaje-gwajen masana, sigarin da aka yi amfani da shi a madadin na kasuwa yana da miligiram 15.8 na nikotin a kowane giram na taba, mafi ƙarancin kuwa 0.4 ne. Komai zurfin zuƙa, abin da babu shi a kara ba zai fito ba.

Babban gwajin da Eric Donny da abokan aikinsa suka buga a 2015, kan mashaya 840 na tsawon mako shida, ya nuna masu shan taba mai ƙarancin nikotin sun rage yawan karan da suke sha a rana. Sai dai tambaya ta rage game da waɗanda shan taba ya fi yi wa katutu. A 1965 kimanin kashi 42 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna shan taba, yau adadin ya sauko ƙasa da kashi 15, amma saukar ta fi yawa ne a tsakanin masu digiri da masu hali. Alƙaluman 2016 sun nuna kashi 7.2 cikin ɗari na matan da suka haihu sun sha taba da ciki, kuma abin ya haura kashi 12 a tsakanin waɗanda karatunsu ya tsaya a sakandare. Ga mai juna biyu illar kan mutum biyu take faɗawa: haihuwar bakwaini, jariri mara nauyi, da mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci. Ciki kuma yana sa jiki ya yi saurin narkar da nikotin, wanda ke ƙara wahalar dainawa.

Fargabar masana ita ce mace mai fama da talauci da renon yara da damuwa, wadda sigari ya zame mata hutun minti biyar a bayan wurin aiki, za ta ninka sha don ta kashe kwaɗayi, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Stephen Higgins na Jami'ar Bamont ya jagoranci gwaji uku da aka buga a 2020, kan mashaya 775: masu ciwon damuwa, masu karɓar maganin jarabar ƙwayoyi dangin hiroyin, da mata masu shekara 18 zuwa 44 da ba su wuce sakandare ba. An raba musu taba kyauta na mako goma sha biyu, ba tare da sun san wadda suka samu ba, kuma ba masu niyyar dainawa aka zaɓo ba. Waɗanda suka faɗa kan mai ƙarancin nikotin sun sha ƙasa da takwarorinsu, alamun kamuwa sun sassauta, ramuwar da ake tsoro kuma ba ta bayyana ba.

Muhimmancin wannan sakamako yana cikin abin da bai nema daga wajen matar ba. Asibitin daina shan taba yana buƙatar kuɗin mota, inshorar lafiya, izinin barin aiki da mai riƙe yaro, abubuwan da mara galihu ba ta da su. Dokar da ta canza abin da ke cikin kwalin kuwa tana iske kowa a kantin unguwa.

Gwajin yana da iyaka. Ba a saka masu ciki a ciki ba. A irin waɗannan gwaje-gwaje da yawan mahalarta sukan haɗa da tabar da suka saba saye, kamar yadda awon fitsari ke nunawa, domin tana nan a kasuwa. Hayaƙin sabuwar tabar kuma gubarsa ɗaya da na tsohuwar, duk da cewa mutane da dama suna ɗauka "ƙarancin nikotin" na nufin ƙarancin cuta, kuma mai juna biyu da ta yarda da haka tana iya jinkirta dainawa. Saboda haka amfanin tsarin ya dogara ga a tilasta shi kan kasuwa gaba ɗaya, tare da sa ido kan fasa-ƙwauri.

A nan siyasa take shigowa. Ƙasar Niyu Zilan ta kafa dokar rage nikotin a 2022, sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 tun ba ta fara aiki ba. A Janairun 2025 FDA ta gabatar da daftarin ƙa'idar da za ta ƙayyade nikotin a miligiram 0.7 a kowane giram na taba, matakin da aka buɗe domin sauraron ra'ayin jama'a, kuma a lokacin ana sa ran kamfanonin taba su ƙalubalance shi a kotu.